Yadda Na Sauya Tankin Man Tsohon Babur Ɗin Mahaifina

Babur ɗin da zan yi magana a kansa Honda CG125 ne, daga cikin ƙirar farko-farko waɗanda ba su da sitata sai dai a buga musu kik, kuma mahaifina ne ya yi shekara da shekaru yana hawansa zuwa wurin aiki a nan Kaduna. Bayan rasuwarsa muka tura shi ɗakin ajiya da ke jikin zaure, muka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, ya zauna a nan wajen shekara 6 ba wanda ya tayar da shi. Abin da ya sa na waiwaye shi shi ne cire tallafin man fetur da aka yi a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Motar da nake zuwa aiki da ita ta fi ƙarfin albashina, sai na tuna cewa akwai abin hawa a gida wanda lita kaɗan za ta kai shi mako.

Na zaci batir da filogi da taya su ne za su ci kuɗi, kuma sun ci, amma ba su ne suka ba ni aiki ba. Da aka sauya baƙin mai aka sa sabon filogi, bugu na huɗu injin ya tashi da irin ƙarar da na sani tun ina yaro. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin injin. Kamfanin Honda ya fito da shi ne a 1975, bayan injiniyoyinsa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda mutane ke loda wa babur kaya fiye da kima, suna jinkirta sauya baƙin mai, suna tafiya cikin ƙura, sai suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Injin ya jure zaman shekara 6. Tankin mai ne bai jure ba.

Alamar farko ita ce babur ɗin yana tafiya lafiya na ɗan lokaci sai ya fara shaƙewa, ya yi kamar zai ɗauka, sannan ya mutu. Na kai shi wurin tsohon bakaniken da yake yi wa mahaifina gyara, wanda har yanzu yana zaune a rumfarsa duk da cewa yaransa ne ke yin yawancin aikin. Bai ce komai ba sai da ya kwance kwanon da ke ƙasan kafireta ya juye abin da ke ciki a tafin hannunsa. Man ya fito launin shayin da ya sha ganye, a ƙasansa kuma ga wani jan gari mai laushi da 'yan ƙwayoyin ruwa suna gangarawa daban, sun ƙi haɗuwa da man. Ya murza garin da yatsa ya nuna mini, ya ce, "Ɗana, ciwon ba a nan yake ba, daga sama yake saukowa. Ko sau goma muka wanke wannan kafireta, sau goma za ka dawo." Sai ya buɗe murfin tankin ya haska tocila ciki ya ce in leƙa. Saman tankin daga ciki ya yi ja wur, tsatsa tana ɓamɓarowa kamar ɓawon bishiya, ƙasan kuwa laka ce kwance a gefe biyu.

Laifin namu ne, domin mun ajiye babur ɗin da mai kaɗan a ciki. Tankin da ba a cika ba iska ce ke cike sauran wurin, iska kuwa tana ɗauke da laima, musamman da damina. Idan rana ta yi zafi ƙarfen ya ɗumama, dare ya yi ya huce, laimar takan zama raɓa a jikin ƙarfen daga ciki, ta gangara ƙasa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, lita 1 ta fetur kuwa kimanin giram 750 ce, saboda haka ruwan ba ya tashi sama, yakan kwanta ne a wuri mafi zurfi, wato gefen ƙasa inda aka haɗa farantan ƙarfen tankin. Damina 6 yana kwance a wurin yana cin ƙarfe. Da bakaniken ya shafa hannu a ƙasan tankin ta hagu, sai ga fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, da ya danna ɗaya da farce sai danshin mai ya biyo. A nan na gane dalilin warin fetur da mahaifiyata take cewa tana ji a zaure tun ranar da na zuba masa mai.

Tambayar farko da na yi ita ce ko za a iya liƙe shi. Kowa ya san dabarar 'yan acaɓa ta goga sabulun wanki a inda tanki ke yoyo, kuma tana aiki, domin fetur ba ya narkar da sabulu da sauri, amma dabara ce ta kai mutum gida, ruwan sama na farko zai wanke ta. Gam mai haɗi biyu yakan riƙe rami guda idan ƙarfen da ke kewaye da shi yana da ƙwari. Akwai kuma masu zuba tsakuwa ko tsofaffin notina a cikin tanki su yi ta girgizawa har tsatsar ta saki, sannan su jiƙa shi da ruwan khal na kwana ɗaya ko biyu, su ɗauraye, su busar da shi nan take kafin sabuwar tsatsa ta hau. Wannan hanya ce mai kyau ga tankin da tsatsarsa ba ta wuce sama-sama ba. Nawa ya wuce nan, domin a wurare da dama tsatsar ce kaɗai ta toshe ramukan, wanke ta kuwa zai mayar da ƙasan tankin rariya.

Da na ambaci walda sai fuskar tsohon ta sauya. Ya ce, "Ban yarda ka kai wa kowa wannan tankin ya sa masa wuta ba, kuma ba na so in ji an ce ka tsaya kusa da inda ake yi." Na ce, "To Baba, ai za a juye man tukuna." Ya ce wanda aka juye ɗin shi ne mai kisa. Daga baya na fahimci maganarsa sosai. Ruwan fetur ba shi ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska, kuma ba ya bukatar yawa, kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar ya isa. Tankin da ke cike maƙil tururinsa ya yi yawa, iskar ta yi kaɗan, amma tankin da aka juye aka bari, wanda sauran mai ya maƙale a haɗin ƙarfensa da cikin tsatsarsa, shi ne yake da daidai haɗin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Masu waldar da suka san aikinsu sukan wanke tanki sau da yawa, su cika shi da ruwa har kusa da inda za su taɓa, duk da haka suna yi suna ɗari-ɗari. Ko da an tsira daga wannan, ƙarfen da tsatsa ta cinye ya zama kamar takarda, ana liƙe nan can yana hujewa. Muka yanke shawarar neman wani tankin.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini kwana biyu. Na shiga wani shagon kayan babura na ce ina son tankin CG, aka sauko mini da sabo fil a cikin leda, fentinsa yana sheƙi, kuɗinsa kuma bai kai abin da na yi tsammani ba. Na biya na tafi ba tare da na gwada komai ba. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne sunan CG ba abu ɗaya yake nufi ba. An ƙera wannan babur a Japan, an fara ƙera shi a Manaus ta ƙasar Brazil a 1976, ana ƙera shi a Pakistan, kamfanin kuma ya kafa reshensa a Najeriya a 1979 da masana'anta a Ota ta jihar Ogun, sannan masana'antu masu yawa a ƙasar Sin sun kwaikwayi injin da firam ɗin suna fitar da nasu da sunaye daban-daban. Tsawon shekarun nan siffar tankin ta sauya sau da dama. Kayan gyaran da ke shigowa shagunanmu ta Legas da kasuwar Nkwo ta Nnewi yawancinsu na baburan da ke kan titi yanzu ne, ba na wanda ya girme ni ba.

Da muka ɗora sabon tankin a kan firam sai ya ƙi zama. Kwarmin da ke ƙarƙashinsa, inda ƙashin bayan firam yake shiga, ya fi na tsohon faɗi, kofunan gaba da ke kama robobi sun yi baya da kusan yatsa biyu, ramin ƙusar baya kuma bai zo kan nasa ramin ba. Da aka tura shi gaba don ramin ya daidaita, sai kan babur ya riƙa bugun gefensa idan an karya shi hagu. Bakin da ake ɗaura famfon mai ma zarensa daban ne, notin tsohon famfon ya shiga zagaye ɗaya ya cije. Ɗaya daga cikin yaran ya ce za a iya bubbuga shi a huda sabon rami, tsohon ya hana. Ya ɗaga tankin da hannu ɗaya, ya ɗaga tsohon tankin da ɗaya hannun, ya miƙo mini in ji bambancin nauyi, sannan ya danna gefen sabon da babban yatsa, ƙarfen ya lotsa ya dawo da ƙara. Ya ce araha ba ta ado. Mai shagon ya karɓi kayansa bayan ya rage wani abu a kuɗin, kuma ban ga laifinsa ba, tunda abin da na tambaya shi ya ba ni.

Karo na biyu na ɗauki tsohon tankin kansa, bayan an juye shi an bar shi a buɗe ya sha iska, na sa shi a buhu na nufi kasuwar Panteka. Shawarar da zan ba duk mai irin wannan aiki ke nan, ya tafi da tsohon a hannu, domin hoto a waya ba ya nuna zurfin kwarmi ko tazarar kofuna. Na kuma tafi da tef ɗin awo da tocila da tsohon famfon mai. Na shafe kusan yini ina bi rumfa-rumfa wurin masu kwance tsofaffin babura, na duba tankuna 5 kafin na samu wanda ya yi. Biyu daga ciki an yi musu sabon fenti mai kauri, da na bi ƙasansu da maganaɗisu sai na ji wuraren da ba ya kamawa sosai, alamar an cike lotsawa ko rami da fotin gyaran mota an shafe. Wanda na ɗauka shi ne mafi muni a ido. Fentinsa ya koɗe, akwai 'yar lotsawa a gefen dama inda gwiwa ke taɓawa, amma da na haska ciki sai na ga ƙarfe fari-fari da ɗigon tsatsa kaɗan a kusa da baki, na ƙwanƙwasa ƙasansa da sufana ya amsa da ƙara ɗaya daga gaba har baya. Na kifa su biyun a ƙasa gefe da gefe na auna faɗin kwarmi, na auna daga kofunan gaba zuwa ramin baya, na ɗaura tsohon famfon da hannu ya shige har ƙarshe ba gardama.

Kafin a ɗora shi sai da aka gwada shi, kuma gwajin ya burge ni saboda sauƙinsa. Tsohon ya toshe bakin famfo, ya goge ƙasan tankin tas, ya bi duk layin haɗin ƙarfen da farin alli, sannan ya zuba kananzir kamar lita 2 ya jujjuya, ya ajiye shi a kan kwali ya ce sai gobe. Kananzir yana ratsa ramin da ido ba ya gani, idan kuma ya fito allin zai yi duhu a daidai wurin, ga shi ba ya saurin kamawa da wuta kamar fetur. Washegari allin yana nan fari. Muka juye kananzir ɗin ta cikin farin ƙyalle don mu ga abin da ya kwaso, ƙura ce kawai da ɗan gari kaɗan, muka ɗauraye da fetur kaɗan muka bar shi ya bushe a inuwa.

Na roƙi a bar ni in yi aikin ɗorawar da hannuna a gida, domin ina so in san babur ɗin yadda mahaifina ya san shi. Tsohon ya yarda da sharaɗi ɗaya, a yi shi a fili. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, yakan bi ƙasa ne yana malala kamar ruwa har ya tarar da wuta a inda ba a zata ba, saboda haka na fitar da babur ɗin ƙofar gida da safe, nesa da madafa, na tabbatar ba a kunna janareta ba, na roƙi maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ta gaya mini lokacin da za ta kashe wutarta kafin in fara. Na ajiye bokitin yashi kusa. Na kafa babur ɗin a kan tsayuwarsa ta tsakiya, na cire wayar batir ta baƙi, sannan na kwance kujera da murafan gefe. A irin wannan babur tanki ba shi da abin riƙo mai yawa, ƙusa ɗaya ce a baya a ƙarƙashin kujera, gaba kuwa kofuna biyu ne da ke zura kansu a kan robobi biyu masu kama da faifai a jikin firam. Ana cire ƙusar, a ɗaga bayan tankin kaɗan, a ja shi baya, sai ya fito. Wanda ya ɗaga shi sama kai tsaye da ƙarfi zai lanƙwasa kofunan.

Abin da ke ƙarƙashin tanki wuri ne da ba a cika gani ba, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Na tarar da gidajen zanzaro guda 3 a manne da firam, ɗaya a jikin kwayil ɗin da ke ba filogi wuta, ga ƙurar harmatan ta shekaru ta daskare da maiƙo ta zama kamar kwalta. Da na share sai na ga wata waya da rigarta ta goge har jan ƙarfen ya fito, a daidai inda gefen tsohon tankin yake gugar ta. Waya tsirara a ƙarƙashin tankin da ke yoyon fetur, kuma na hau babur ɗin a haka har sau uku. Na naɗe ta da tef ɗin lantarki, na sauya mata hanya ta bi ƙasan firam, na ɗaure. Dalilin gugar kuwa robobin gaba ne. Sun bushe sun tsattsage, ɗaya ta rabe biyu a hannuna, don haka tankin ya daɗe yana zaune ƙarfe a kan ƙarfe. Injin silinda ɗaya yana da jijjiga, waɗannan robobin da ake rainawa su ne ke shanye ta, idan babu su jijjigar takan tsaga tanki a wurin kofunan ko da sabo ne. Na sayi sababbi guda biyu da ta baya ɗaya, kuɗinsu duka bai kai na lita 2 ta mai ba.

Famfon mai na kwance shi gaba ɗaya a kan tire. Mutane da yawa suna tsammanin rizab wani ɗaki ne daban a cikin tanki, alhali ba haka ba ne. Famfon yana da mashiga biyu, ɗaya dogon bututu ne da ke tsaye a cikin tankin, ɗaya kuma tana ƙasa daf da gindi. Idan an murɗa shi zuwa buɗe, mai yana bi ta dogon bututun, da zarar man ya sauka ƙasa da bakin bututun sai babur ya fara shaƙewa, a murɗa zuwa rizab, sauran man ya bi ta mashigar ƙasa. Wannan ya sa duk dattin da ruwan da ke kwance a gindin tanki ta rizab suke fita, shi ya sa babur mai tsohon tanki yakan lalace a ranar da mai shi ya shiga rizab. A nawa famfon, ragar da ke tace mai ta yage, robar ciki mai ramuka ta taurare, mashigar rizab kuma ta toshe da laka gaba ɗaya. Jikin famfon na asali ne kuma yana da kyau, don haka na wanke shi, na sa sabuwar raga da sabuwar roba, na sa sabon wosha a inda yake haɗuwa da tanki. Ban sa gam ko zaren famfon ruwa a wurin ba, domin fetur yana narkar da yawancin gam, gutsattsarinsu kuma kafireta za su nufa.

Tiyon mai ma na sauya shi, tsohon ya yi tauri kamar kara har sai da na yanke shi da reza. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Na sha ganin babura da farin tiyon da magina ke awon ruwa da shi, ko tiyon ƙarin ruwa na asibiti, an sa su a matsayin tiyon mai saboda ana ganin man yana wucewa. Waɗannan ba a yi su don fetur ba, cikin 'yan watanni sukan ƙanƙance su taurare su zame daga bakinsu, kuma a wannan babur tiyon yana wucewa ne a saman injin mai zafi. Baƙin tiyon da aka yi domin mai shi ya dace, a yanka shi daidai tsawo ba tare da lanƙwasa mai tsanani ba, a sa masa maƙalai a baki biyu. Na sa ƙaramin matacin mai a tsakiya, irin mai gilashin roba, na lura da kibiyar da ke jikinsa ta kalli kafireta, na kuma tabbatar tiyon yana gangarowa ne tun daga famfo har ƙasa, domin babu injin tura mai a wannan babur, nauyin man ne kaɗai ke saukar da shi. Kafireta kuwa tsohon ya riga ya wanke ta da fetur da iska, ya gargaɗe ni kada in taɓa zura waya a cikin jet, wato ɗan ƙarfen nan mai siririn ramin da mai ke bi, domin ramin yana faɗaɗa ya riƙa shan mai.

Ɗorawar kanta ba ta ɗauki minti 10 ba. Na shafa wa robobin ruwan sabulu don su yi santsi, ban sa giris ko baƙin mai ba saboda suna cin roba. Na zura kofunan a kansu, na tura tankin gaba har na ji ya zauna, na sauke bayansa, ramin ya faɗo daidai kan nasa. Na ɗaure ƙusar har robar ta ɗan matsu na tsaya a nan. Na karya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ya rage sarari kamar kaurin yatsa a kowane gefe, na murɗa totur na sake shi ya koma da kansa, na matsa kuloci na ji bai yi nauyi ba, alamar tankin bai danne wayoyinsu ba. Sannan na shimfiɗa farar takarda a kan injin da ƙasa, na zuba lita 2 ta mazurari mai ƙyalle, famfo a rufe, na jira rabin awa. Takardar ba ta nuna komai ba. Na buɗe famfo na ga matacin ya cika da mai garau, na sake jira, na bi kowane haɗi da busasshen yatsa ina shinshinawa, sannan na mayar da wayar batir na buga kik.

Na ɗauka an gama, amma da na fita gwaji, ban yi tafiyar kilomita 5 ba sai babur ɗin ya soma shaƙewa irin ta da, ya mutu a gefen titi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san tankin tsaf yake, matacin ma ina ganinsa babu datti, sai dai na lura ya kusa bushewa, mai ba ya saukowa. Na sa makulli na buɗe murfin tankin don in duba ko man ne ya ƙare, sai na ji wani ɗan huci, iska ta shige ciki, nan take matacin ya sake cika a gaban idona. Na rufe na tayar, na yi wata 'yar tafiyar, ya sake mutuwa, na sake buɗewa ya sake huci. Na kira tsohon a waya na kwatanta masa, bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Wane murfi ka sa, naka ko wanda ya zo da tankin?" Na ce wanda ya zo da shi. Ya ce, "Hancinsa ne a toshe, ɗana. Tanki ma numfashi yake yi."

A jikin murfin akwai wani ɗan rami da bai fi kan allura ba, wanda iska ke bi ta shiga ta maye gurbin man da ya fita. Idan ya toshe, man yana sauka iskar ciki tana raguwa, har ta kai inda za ta riƙe man ta hana shi gangarowa, kamar yadda ruwa ke tsayawa a cikin tsinken shan lemo idan an toshe samansa da yatsa. Na dawo gida da murfin a sassauce, ina tafiya a hankali don kada mai ya fantsalo. Da na kwance ƙusoshin da ke cikin murfin sai na tarar da hanyar iskar cike da jar ƙasa da ta daskare, wataƙila tun zamansa a Panteka. Na jiƙa shi da kananzir, na bi ramin da siririn zaren burushi, na hura har na ji iska tana fita ta ɗaya gefen. Robar bakin murfin na ɗauko ta tsohon murfinmu, wadda ta fi laushi. Tun daga ranar bai sake mutuwa a hanya ba.

Bayan mako guda na yi wani awon da nake ganin ya kamata duk wanda ya sauya tanki ya yi, tunda babur ɗin ba shi da agogon mai. Na bar shi a buɗe har ya shaƙe da kansa, sannan na murɗa zuwa rizab na juye abin da ya rage a jarka na auna, ya ba ni kimanin lita 2. Daga nan na cika shi daga babu komai, ya ɗauki kusan lita 10. Yanzu na san iyakar abin da nake da shi idan na shiga rizab, kuma na mayar da shi al'ada in murɗa zuwa rizab na ɗan lokaci duk mako ko da tankin a cike yake, don kada ruwa ya samu wurin kwanciya. Ina rufe famfo duk dare, idan kuma zan yi tafiyar da babur ɗin zai zauna fiye da mako biyu, nakan cika tankin kafin in ajiye shi. Matacin farko na sauya shi bayan wata ɗaya, na fasa shi don in ga abin da ya tara, gari ne kaɗan wanda bai rufe kan farce ba.

Tambarin ƙarfe guda biyu da ke gefen tsohon tankin na kwance su na mayar a kan wannan, ramukan ƙusoshinsu sun zo daidai. Na dama yana da wani ɗan karce da ya samu ranar da mahaifina ya jingina babur ɗin da bangon masallacin unguwarmu ya zame, ina tsaye a wurin ina riƙe da jakarsa. Tsohon tankin na cika shi da ruwa da omo na bar shi kwana 3, na zubar, na shanya shi a buɗe kafin na ba masu gwangwan, na kuma gaya musu abin da ya taɓa ɗauka don kada wani ya sa masa wuta. Fentin wannan da na ɗora kuwa na bar shi yadda yake tukuna. Mai fentin ya ce in bari damina ta wuce iska ta bushe, kuma na riga na gaya masa cewa ranar da zan kawo tankin, murfin zai zauna a aljihuna.